Wa Zai Rubuta Wa Ɗalibin Injiniya Kalkulas da Hausa?

 

Yau za mu bar labarin soyayya da waƙa da gajeren labari su ɗan huta, mu leƙa wani fage da sawun alƙalamin Hausa bai yawaita a cikinsa ba. Muna nufin lissafin da ake koya wa masu karatun injiniya, wato kalkulas, da ƙaninsa da ɗalibai ke kira difarenshiyal ikweshan. Mun san wani zai ce ina ruwan marubuci da lissafi, tunda da yawanmu ma lissafin ne ya koro mu zuwa adabi. To, ra'ayinmu shi ne bayyana wannan ilimi da Hausa aikin marubuta ne, abu ne mai yiwuwa, kuma akwai masu jiran sa.

Masu jiran su ne ƙannenmu. Kowace shekara samari da 'yan mata na shiga tsangayar injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da sauran jami'o'i da kwalejojin fasaha. Haka ma a Nijar, inda ake karatun da Faransanci. Tun a shekarar farko ɗalibi zai ci karo da kalkulas, kuma ba zai rabu da shi ba har ya gama. Wanda ya taso da Hausa, yana tunani da ita, yana mafarki da ita, yaƙi biyu yake yi a lokaci guda: ga sabon tunanin da bai taɓa ji ba, ga shi kuma a cikin harshen da bai gama zauna masa ba. Idan yaƙin ya yi masa yawa sai ya koma ga makamin da ya saba da shi, wato hadda. Zai haddace ƙa'ida, ya fitar da amsa daidai, ya ci jarrabawa. Amma tambaye shi abin da amsar ke nufi a zahiri, sai ya yi shiru. Wannan ɗalibin kuwa shi ne gobe zai sa hannu a zanen bene, ko gada, ko magudanar ruwan unguwarmu.

Bari mu gwada mu ga ko Hausa za ta iya ɗaukar wannan kaya, domin gani ya kori ji.

Tambayoyi biyu kalkulas ke amsawa. Ta farko: da wane sauri abu ke sauyawa a daidai wannan lokaci? Ta biyu: idan ƙananan sauye-sauye suka taru, nawa za su zama?

Mu fara da ta farko. Direba ya yi tafiyar kilomita 150 cikin awa 2. Yaron firamare zai raba ya ce gudunsa kilomita 75 ne a awa. Amma duk wanda ya taɓa shiga mota ya san ba haka aka yi tafiyar ba. An tsaya a shingen jami'an tsaro, an ja jiki a wurin ramuka, an kuma taka wuta inda hanya ta yi kyau. Allurar da ke gaban direba ba ta nuna matsakaicin gudu, gudun wannan ƙiftawar ido take nunawa. Ga inda gizo ke saƙar: gudu shi ne nisa a raba da lokaci, a cikin ƙiftawar ido kuwa babu nisan da aka ci, babu lokacin da ya wuce. Yaya za a raba babu da babu?

Ga dabarar. A saki dutse cikin rijiya mai zurfi. Idan muka yi watsi da tasirin iska, muka kuma daidaita adadin don sauƙi, nisan da ya faɗa a mita shi ne a ninka daƙiƙoƙin da suka wuce da kansu, sannan a ninka sau 5. Bayan daƙiƙa 1 ya faɗa mita 5, bayan daƙiƙa 2 mita 20, bayan daƙiƙa 3 mita 45. Muna son sanin gudunsa a daidai cikar daƙiƙa ta 2. Daga daƙiƙa 2 zuwa 3 ya ci mita 25, wato matsakaicin gudu mita 25 a daƙiƙa. Mu matse tazarar. Daga 2 zuwa 2.1 ya ci mita 2.05, idan aka raba da 0.1 za a sami 20.5. Mu ƙara matsewa. Daga 2 zuwa 2.01 ya ci mita 0.2005, a raba da 0.01 a sami 20.05. Ku dubi jerin: 25, 20.5, 20.05. Duk yadda muka ƙara matse tazarar, amsar na ƙara dosar 20. Ba mu raba babu da babu ba, mun dai lura da inda amsoshin suka dosa. Wannan adadin da ake dosa muna ganin a kira shi madosa, gudun da aka samo ta wannan hanya kuma a kira shi saurin sauyi. Rabin kalkulas ke nan, kuma kowa na iya ɗaukar wayarsa ya gwada waɗannan lambobi da kansa.

Tambaya ta biyu. Ga gonar fadama, gefe uku a miƙe, na huɗun kuma ya bi karkacewar rafi. Magada na son a raba, dole a san faɗinta. Tsawo sau faɗi ba zai yi aiki ba, domin tsawon ba ɗaya ba ne daga wannan kunya zuwa waccan. Sai a yanka gonar siraran yanka, kamar kunya-kunya. Kowane yanki ya kusa zama mai kusurwa huɗu, sai a auna shi, a tara duka. Akwai ɗan kuskure a bakin rafi, amma duk yadda yankan suka ƙara sirancewa kuskuren na ƙara raguwa, jimillar kuma na dosar wani adadi guda. Wannan adadin shi ne faɗin gonar. Wannan aiki shi ne muke son a kira tattarawa.

Babban abin da Isaac Newton na Ingila da Gottfried Leibniz na Jamus suka gano, kowa a nasa ɓangaren, a ƙarni na 17, shi ne waɗannan ayyuka biyu kishiyoyin juna ne, kamar tarawa da ɗebewa. Mu koma gaban direba. Akwai allurar gudu, akwai kuma lambobin da ke ƙirga kilomita. Wanda ya san abin da allura ta nuna a kowane lokaci zai iya tattarawa ya faɗi abin da lambobin za su nuna. Wanda ya san yadda lambobin ke hawa zai iya fitar da abin da allura ke nunawa. Ɗaya na warware ɗaya.

Yanzu ga wanda ɗalibai suka fi tsoro. A lissafin da muka saba, abin da ake nema adadi ne: wane adadi ne idan an ƙara masa 3 zai zama 10? A difarenshiyal ikweshan kuwa dokar yadda abu ke sauyawa ake ba ka, a ce ka faɗi labarinsa gaba ɗaya, daga yanzu har zuwa gaba. Shi ya sa muke ganin sunan daidaiton sauyi zai dace da shi.

Mai shayi ya zuba maka kofi mai zafin digiri 90, iskar wurin kuma digiri 30 ce. Dokar ita ce: saurin hucewar shayi na tafiya ne daidai da bambancin zafinsa da na iska. Bambanci mai yawa, hucewa da sauri. Bambanci kaɗan, hucewa a hankali. A ce cikin minti 10 bambancin ya ragu da rabi, daga 60 zuwa 30, shayi ya koma digiri 60. Mai gaggawa zai ce to, bayan wasu minti 10 zai sake zubar da 30 ya daidaita da iska. Ba haka ba ne. Bambancin zai sake raguwa da rabi ne, daga 30 zuwa 15, shayi ya zama digiri 45. Bayan minti 30 ya zama 37.5. Kullum yana kusantar 30, kullum kuma tafiyar na ƙara sanyi. Abin sha'awar shi ne wannan daidaito ɗaya shi ne ke bayyana yadda caji ke tsiyayewa daga kafasita a cikin na'urar lantarki, da yadda magunguna da yawa ke raguwa a cikin jini. Ɗalibin da ya fahimci kofin shayi ya fahimci su duka.

Ga wani da ke saman gidajenmu. Tankin ruwa mai miƙaƙƙen jiki ya cika, an buɗe ƙofar da ke gindinsa, babu ruwan da ke shiga. Wani Ba'italiye mai suna Torricelli ya nuna tun a ƙarni na 17 cewa gudun ruwan da ke fita ya dogara ne da tsayin ruwan da ke samansa: idan tsayin ya ragu zuwa kashi 1 bisa 4, gudun ya ragu zuwa rabi. Ruwa na fita, tsayi na raguwa, tsayi na raguwa, gudu na raguwa. Idan aka warware wannan daidaito sai a tarar da abin mamaki: tankin da ke ƙarewa cikin minti 100, rabinsa na sama zai tafi cikin kimanin minti 29, rabin ƙasa kuma ya ɗauki kimanin minti 71. Duk matar da ta taɓa tara bokiti a famfon tanki ta san ruwan kan yi sanyin gudu idan ya yi ƙasa. Abin da lissafi ya ƙara mata shi ne faɗin ko da nawa.

A faɗaɗa tankin ya zama madatsar ruwa, kamar Tiga ko Kainji ko Goronyo. Dokar ba ta canza asali ba: saurin sauyin ruwan da ke ciki shi ne abin da ke shiga a ɗebe abin da ke fita. Idan damina ta yi ƙarfi, mai shiga ya fi mai fita, tambayar da ke gaban injiniya ita ce yaushe zai kai maƙura, kuma ƙofa nawa za a buɗe kafin lokacin. Mutanen Kano ba su manta fashewar madatsar Bagauda a 1988 ba, na Maiduguri kuma ba su manta ambaliyar da ta biyo ta madatsar Alau a watan Satumba na 2024 ba. Dalilan irin wannan masifa sukan yi yawa, ba lissafi kaɗai ba ne. Amma tambayar yaushe ruwa zai fi ƙarfin madatsa tambayar daidaiton sauyi ce, kuma rayuka ne ke rataye da amsarta.

Haka abin yake a gini. Kafinta ya san katako mai inci 2 da inci 4 ya fi juriya idan an kafa shi ta gefensa a kan a kwantar da shi. Lissafin lanƙwasar katako da ƙarfe, wanda ake jingina wa Euler da Bernoulli tun ƙarni na 18, ya ce lanƙwasar da zai yi a kwance ta ninka ta gefe sau 4. Ya kuma ce idan aka ninka tazarar da ke tsakanin ginshiƙai biyu, nauyin da ke kan kowace mita bai canza ba, lanƙwasar ba sau 2 za ta ninku ba, sau 16 ne. Maginanmu na gargajiya sun san azara na da iyakar tazarar da za ta iya ɗauka, shi ya sa suka ƙware wajen ɗaure baka don rufe manyan ɗakuna, kamar yadda ake gani a tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Su da gogewa suka sani. Injiniyan yau da zai ɗora bene a kan bene ba shi da damar gwadawa ya ga ko zai rushe, dole ya sani a takarda tun kafin a zuba kankare.

Kada kuma a ɗauka ƙasashen da suka ci gaba sun fi ƙarfin wannan darasi. A watan Yuni na 2000 aka buɗe wata sabuwar gadar masu tafiya a ƙasa a kan kogin Thames a Landan, wadda ake kira Millennium. Da jama'a suka hau sai ta fara rangaji hagu da dama. Mutane na gyara takunsu don kada su faɗi, takun nasu kuma na ƙara wa rangajin ƙarfi, kamar yaron da ake tura wa lilo a daidai lokacin da ya dace. Bayan kwana biyu aka rufe ta, ba a sake buɗewa ba sai a 2002, bayan an saka mata na'urorin shanye girgiza. Lilo, da ƙafar mota, da wannan gada, duk dangin daidaito ɗaya ne ke bayyana su.

To, kun ga mun yi bayanin duka wannan ba tare da Hausa ta gaza ba. Yanzu mu saurari masu ja, domin hujjojinsu ba na banza ba ne.

Na farko zai ce: jarrabawa da Turanci ake yi, aiki ma da Turanci, me zai sa a ɓata wa yaro lokaci da Hausa? Amsar na cikin zaurukanmu. Shekaru aru-aru malamai na karantar da fiƙihu da nahawu da rabon gado. Littafin na Larabci ne, almajiri ya karanta jimla, malam ya fassara ya warware da Hausa. Ba a taɓa cewa wannan ya hana almajiri sanin Larabci ba, ta wannan hanya ma aka samu manyan malaman da suka yi wallafa da Larabcin. Lissafin gado kuwa, da rabi da sulusi da sudusi da sumuni, ba ƙaramin lissafi ba ne. Abin da muke kira a kai ke nan: littafin aji ya zauna da Turancinsa ko Faransancinsa, a samu na Hausa a gefe da zai yi aikin malamin zaure. Wanda ya gane abu da harshensa, koyon sunansa da wani harshe ba ya yi masa wuya. Akwai ma ƙarin riba: rubutu ɗaya na Hausa zai amfani ɗalibin Zariya da na Maraɗi, alhali littattafan ajinsu ba sa ga-maciji. Wannan ba sabon tunani ba ne. Abdou Moumouni, masanin kimiyyar hasken rana da Jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira tun a 1964 da a ba harsunan Afirka gurbi a koyarwa. A Ile-Ife kuma, daga 1970, Babs Fafunwa ya jagoranci gwajin koyar da yara darussan firamare da Yarbanci, har da lissafi da kimiyya.

Na biyu zai ce: Hausa ba ta da kalmomin. Wane harshe ne aka haifa da su? Kalmar kalkulas kanta daga Latin take, ma'anarta tsakuwa, irin wadda ake ƙirga da ita. Aljabara daga kalmar al-jabr take, a sunan littafin da al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza a ƙarni na 9. Ga wadda ta fi ban dariya. Kalmar da ɗalibai ke furtawa sain a lissafin kusurwa ta faro ne daga Indiya da ma'anar tsirkiyar baka. Larabawa suka ara, daga baya aka karanta ta a matsayin jaib, wato wuyan riga ko aljihu, masu fassara zuwa Latin kuma suka bi wannan ma'ana. Jaib ɗin nan ita ce ta ba mu kalmarmu ta aljihu. Ke nan duniya duka na lissafi da kalmar da ta samo asali daga ruɗanin karatu, kuma babu gadar da ta rushe saboda haka. Kalma ba ta bukatar ta zama cikakkiya tun ranar farko, amfani ne ke zaunar da ita. Mu ma ai lissafi da sifili da ashirin da talatin duk aro ne daga Larabci, yau wa ke jin baƙuncinsu?

Tarihin kalkulas ɗin kansa tarihin fita ne daga harshen manya zuwa harshen jama'a. Leibniz ya buga nasa a 1684, Newton ya fitar da babban littafinsa a 1687, duka da Latin, harshen da malamai kaɗai ke karantawa. A 1696 aka buga littafin koyar da shi na farko, da Faransanci. A 1748 wata mata a Milan, Maria Gaetana Agnesi, ta wallafa littafi mai juzu'i biyu da Italiyanci, ta kuma bayyana a sunansa cewa don matasan Italiya ta yi shi. Littafin ya yi kyan da sai da aka fassara shi zuwa Faransanci da Turanci. A 1859 a Shanghai, Li Shanlan da Alexander Wylie suka fassara littafin kalkulas zuwa Sinanci, suka ƙirƙiro sunayen rassansa biyu, kuma da waɗannan sunaye ake karatu a ƙasar Sin har gobe. Akwai darasi na biyu a aikinsu: sun kuma sauya alamomin lissafin zuwa haruffan Sinanci, amma wannan bai ɗore ba, daga baya aka koma ga alamomin da duniya ta sani. Mu ɗauki wannan da kyau. Mu ƙirƙiri kalmomi, mu bar alamomi yadda suke. Ɗalibi ya ga dy/dx a shafinmu kamar yadda zai gan shi a allon aji, mu kuma mu gaya masa abin da yake nufi.

Na uku zai ce: mu ba masana lissafi ba ne. Gaskiya ne, kuma nan ne ya kamata a yi hattara. Ƙasar nan ba ta rasa masana ba. Chike Obi da James Ezeilo sun yi suna a duniya a fagen daidaiton sauyi, Iya Abubakar ya koyar da lissafi a Zariya har ya shugabanci jami'ar a 1975. Amma sanin abu daban, iya faɗarsa daban. Masani ya daɗe da manta inda ya taɓa yin tuntuɓe, shi ya sa yakan tsallake matakin da mai koyo ke faɗuwa a kai. Marubuci kuwa sana'arsa ke nan: sanin abin da mai karatu ya sani, da abin da bai sani ba, da abin da ya kamata ya zo kafin wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Marubuci ya zauna da malamin lissafi ko ɗalibin ajin ƙarshe, ya yi ta tambaya har ya gane, ya rubuta, ya mayar a duba. Ba mu ne za mu fara ba. Tun kafin samun 'yancin kai Rupert East da Abubakar Imam suka haɗa hannu suka rubuta Ikon Allah, suka bayyana al'amuran halitta da Hausar da kowa ke ganewa.

Na huɗu zai ce: wa zai saya? Ba sai an fara da littafi ba. Rubutu mai kalma ɗari biyar da zai zagaya wayoyin ɗalibai a daren jarrabawa ya fi littafin da ke kwance a kanta. Idan irin waɗannan suka kai talatin ko arba'in, an duba su, an ga waɗanda suka yi amfani, littafi ya haɗa kansa. Da yawa daga littattafan labarin da ake rububi yau ai haka suka faro, shafi-shafi a Facebook da WhatsApp.

Ga wanda ya yi niyya, ga abubuwan da muke ganin ya kamata ya riƙe.

A fara da abu, a ƙare da suna. Kada a buɗe da ma'anar kalma. A nuna dutsen yana faɗawa, a nuna lambobin suna dosar wuri guda, sai mai karatu ya ji yana bukatar suna, sannan a ba shi.

Tunani ɗaya a rubutu ɗaya. Wanda ya cusa madosa da saurin sauyi da tattarawa a shafi guda don koyarwa, ya maimaita laifin da ake kuka da shi ne, da Hausa kawai.

A sa lambobin da mai karatu zai iya gwadawa. Lissafi ba a yarda da shi don girman mai faɗa. Idan ka ce 20.05, ka nuna inda ta fito.

Kalma ɗaya, ma'ana ɗaya. A labari ana yaba wa mai sauya kalma don kada ya gundura mai karatu. A nan aibi ne. Idan ka kira abu saurin sauyi a sakin layi na farko, kada ya zama gudun canji a na uku, mai karatu zai ɗauka abu biyu ne.

A faɗi inda misali ya tsaya. Dutsenmu ya yi watsi da iska. Tankinmu miƙaƙƙe ne, ba mai ƙugu ba. Dokar shayi ta fi yin daidai idan bambancin zafin bai wuce kima ba. Injiniya na gari shi ne wanda ya san iyakar ƙa'idarsa, kuma tun daga irin wannan rubutu zai koyi hakan.

Kada a saki rubutu sai wanda ya san fagen ya duba. Idan marubucin labari ya yi kuskuren sunan gari, dariya za a yi. Idan marubucin lissafi ya juya ƙa'ida, wani zai haddace ta a juye, ya tafi da ita wurin aiki.

Kalmomin da muka kawo, madosa da saurin sauyi da tattarawa da daidaiton sauyi, shawara ce, ba hukunci ba. Wanda ke da waɗanda suka fi su ya kawo, a gwada su a kan ɗalibai na gaske, wadda ta zauna a bakinsu ita ce ta ci. Abin da bai kamata ba shi ne a zauna jiran wani kwamiti ya gama ƙamus kafin a fara rubutu. Ƙamus bayan rubutu yake zuwa.

Aikin wannan mako: kowa ya zaɓi abu ɗaya da ke sauyawa a gabansa. Ruwan randa da ke yin sanyi, batirin waya da ke cika da sauri da farko sannan ya ja jiki, inuwar bango da ke gajarcewa kafin azahar, ko taya mai sacewa. A rubuta abin da bai wuce kalma 400 ba, a bayyana me ke sauyawa, me ke sa shi sauri, me ke rage masa sauri, ba tare da kalmar Turanci ko ɗaya ba. Masu karatun injiniya da malaman lissafi da ke cikinmu, muna roƙon ku bi rubuce-rubucen ku gyara, cikin mutunci kamar yadda muka saba. Waɗanda suka fi fitowa fili za mu tattauna su a mako mai zuwa.

Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalumanmu su amfani na baya. Sai mun ji daga gare ku.